Gidan Korau da Zuriya Uku da Suka Zauna Cikinsa

Kowace salla hakiman ƙasar Katsina sukan hau su nufi birni domin yin gaisuwa, cikinsu har da 'Yandaka daga Dutsin-Ma da Maraɗi daga Kurfi. Talakawan ƙauyuka irin su Tamawa sukan bi su kallon hawa. Inda duk ake haɗuwa shi ne Ƙofar Soro, watau bakin fadar Sarki. Wannan fada ita ake kira Gidan Korau, ko da yake fiye da shekara ɗari biyu ke nan rabon zuriyar Korau da kwana cikinta.

Muhammadu Korau mutumin 'Yandoto ne. Masana sukan ɗora zamaninsa tsakanin ƙarni na 14 da na 15, kuma shi ake lissafawa Musulmi na farko cikin sarakunan Katsina. Labarin da aka gada ya ce kokawa ya yi da Sanau, Sarki na ƙarshe daga Durɓawa, ya kāda shi, ya kashe shi, ya hau gadon sarauta. Takobin da ake danganta masa, mai suna Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina.

An yi gidan bisa tsarin gidan Bahaushe, sai dai girma ya bambanta su. Baƙo yakan fara da ƙofa, ya ratsa zaure bayan zaure, kowanne da iyakar wanda ya isa ya wuce shi. Wurin zaman fadanci da barga suna gaba, cikin gida kuwa na iyali ne, ganuwa ta kewaye duka. Magina na dā da tubali suka yi aikinsu, suna jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango da kauri, yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa da azara ne, domin gara ba ta cin giginya. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi in faɗi ya wuce kamar ƙafa shida, sai suka ƙago baka, suna ɗaure azara kan azara har su haɗu a tsakiya, soro ya yi faɗi ba ginshiƙi. A waje sukan shafe bango da makuba, su kafa indararo don ruwa, su ta da zankwaye a kusurwoyi.

Zuriyar Korau ta riƙe gidan har zuwa jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wajen 1807 birni ya faɗi, Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi. Malam Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu, ya zama Sarki, Dallazawa takwas suka yi mulki bi da bi. Cikin 1903 Gwamna Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yandaka. Ba a daɗe ba Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi cikin 1906, suka ba Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Da ya rasu cikin 1944 ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, sa'an nan Muhammadu Kabir cikin 1981, sa'an nan Abdulmumini cikin 2008.

Ga abin lura. Sau biyu sarauta ta fita daga wata zuriya ta koma wata, amma ba wanda ya sāke wa gidan suna. Kowane sabon mai gida ya gane cewa zama inda Korau ya zauna yana cikin abin da ke sa talakawa su yarda Sarki ne.

Ginin ƙasa kuwa ba ya tsayawa da kansa. In damina biyu ko uku suka wuce ba a yi yaɓe ba, sai ruwa ya ci rufi, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Saboda haka daɗewar Gidan Korau shaida ce ta magina da suka yi ta gyara shekara da shekaru, ɗa yana koyo wurin ubansa. An riga an sāke waɗansu sassa da siminti, masu iya ɗaurin baka kuma suna raguwa. In sana'ar ta ƙare, sunan gidan zai tsaya, amma ranar da tsohon soro ya tsage ba za a sami mai ɗaure shi ba.