Itatuwa a dokar tsara gari: yadda ake rubuta ƙa'idar da inda take cijewa

Dokar tsara gari ita ce ke faɗin abin da za a gina a kowace unguwa: nan gidajen kwana, can kasuwa, can masana'antu. A ƙasashe da dama akwai wani sashe a cikinta da ya shafi shuke-shuke, wanda ke tilasta wa mai gini ya bar wani yanki na filinsa ba siminti, ya dasa itatuwa, ya kuma kula da su. Sharaɗi ne na samun takardar izinin gini, kamar yadda ake sa sharaɗin tsawon bene ko tazarar gida da hanya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙidaya. A Faransa, inda tun shekarar 2000 kundin da ake kira PLU ke tsara filayen kwamin, an daɗe ana ganin ƙa'idoji irin su itace guda ga kowane wurin ajiye mota huɗu, ko kashi kaza na fili a bar shi ƙasa zalla. Ƙidaya tana da daɗi ga ma'aikaci, sai dai ba ta bambanta ɗan tsiro da rimi. Shi ya sa birnin Balin na Jamus ya fito da wani awo da ke ba kowane irin wuri maki: daɓen siminti sifili, ƙasar da ke da tsirrai maki ɗaya, sauran kuma a tsakani. Dokar ALUR ta 2014 ta ba garuruwan Faransa damar amfani da irinsa.

Birnin Sakaramento na jihar Kalifoniya a Amurka ya bi wata hanya a 1983. Ya bar ƙirga itatuwa, ya ce inuwa ce za a auna: duk sabon wurin ajiye motoci, dole rabinsa ya shiga inuwa cikin shekaru 15. Ga ƙasar zafi, wannan shi ne awon da ya fi ma'ana. Amma binciken da aka yi daga baya ya nuna yawancin wuraren da aka duba ba su kai ko kusa ba. An dasa itatuwan a ƴan ramuka tsakanin kwalta, wasu sun mutu ba a maye gurbinsu ba, wasu kuma masu shaguna sun datse su don kada su rufe allon talla.

Matsalar ke nan da ƙaramin gari zai fi ji, domin ba shi da ma'aikatan da za su riƙa zagayawa. Garuruwa da yawa a Amurka suna magance ta da kuɗi: ba a ba mai gini izinin shiga sai an ga dashen, ko kuma ya ajiye jingina da ba za a mayar masa ba sai itatuwan sun kama.

A Nijar maganar ta fi fitowa wajen yankan filaye. Taswirar sabuwar unguwa takan nuna wuraren makaranta, asibiti da koren fili, wanda takardun ma'aikatar magajin gari ke kira espace vert. Mazauna birane sun san abin da kan biyo baya: filin da ba a kewaye ba, ba a dasa masa kome ba, ya zama juji, daga nan a wayi gari an kafa masa harsashi. Dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye Yamai, mai faɗin hekta sama da 2,000, yawancinsa dogon yaro, ya sha irin wannan gutsura duk da girmansa da sunan da ya yi. Ba rashin dashe ba ne. Tun 1975 ake dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta.

Majalisar gari da ke son ƙa'ida mai aiki sai ta fara da ruwa. Damina wata uku ce zuwa huɗu, saboda haka tilasta shimfiɗa ciyawa irin ta Turai ɓarnar ruwan famfo ne kawai. Gara a rubuta sunayen itatuwan da aka yarda da su. Dogon yaro, ko bedi, yana saurin girma kuma inuwarsa mai kauri ce, amma saiwarsa na iya tsaga katanga idan an matso da shi. Aduwa da kurna da tsamiya sun jure fari, sai dai suna da jinkiri. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta, ko da yake ƙayarsa da girmansa sun fi dacewa da fili buɗaɗɗe a kan bakin ƙofa.

Sai kuma ƙananan abubuwan da kan kashe dashe: faɗin rami, tazara da wayoyin lantarki da magudanar ruwa, da shingen da zai kare tsiron daga awaki. Ya kamata ƙa'idar ta ambaci wanda zai yi ban-ruwa a rani biyu na farko, da wanda zai maye itacen da ya mutu. Babban itacen da aka tarar a fili kuma, a ƙirga shi fiye da sabon dashe, don mai gini ya ga riba a barinsa. Ko ba haka ba, sare wasu itatuwa kamar gawo yana buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji.