Wasan Manchester City da Queens Park Rangers (2012)

Wasan Manchester City da Queens Park Rangers wasan ƙwallon ƙafa ne na gasar Firimiya ta ƙasar Ingila, wanda aka buga ranar Lahadi 13 ga Mayu, 2012, a filin wasa na Etihad da ke birnin Manchester. Shi ne wasan mako na 38, kuma na ƙarshe ga ƙungiyoyin biyu a kakar 2011–12. Manchester City ce ta yi nasara da ci 3–2, bayan ta zura ƙwallaye biyu a cikin mintunan da aka ƙara a ƙarshen wasa. Nasarar ta ba ta kofin babbar gasar Ingila karo na farko tun shekarar 1968. Wannan ne kuma karo na farko da aka tantance zakaran Firimiya da rarar ƙwallaye tun da aka fara gasar a 1992. Magoya bayan City kan kira wasan da suna "93:20", wato minti da daƙiƙar da Sergio Aguero ya ci ƙwallon ƙarshe.

Halin da ƙungiyoyin suke ciki

Manchester City ta lashe babbar gasar Ingila sau biyu kafin wannan kaka, a 1937 da 1968. A watan Satumban 2008 kamfanin Abu Dhabi United Group na Sheikh Mansour ya sayi ƙungiyar, ya kuma zuba kuɗi masu yawa wajen sayen 'yan wasa. A Disamban 2009 aka sallami koci Mark Hughes, aka ɗauko Roberto Mancini ɗan ƙasar Italiya, wanda ya ci wa ƙungiyar kofin FA a 2011.

A kakar 2011–12 takarar ta kasance tsakanin City da maƙwabciyarta Manchester United. Ranar 23 ga Oktoba, 2011, City ta lallasa United da ci 6–1 a Old Trafford. Sai dai daga baya ta yi ta ɓarar da maki, har ta kai ranar 8 ga Afrilu, 2012, bayan Arsenal ta doke ta 1–0, United ta ba ta tazarar maki 8 alhali saura wasanni 6. Daga nan United ta sha kashi a hannun Wigan, ta yi kunnen doki 4–4 da Everton, sannan ranar 30 ga Afrilu City ta doke ta 1–0 da ƙwallon da kyaftin Vincent Kompany ya ci da ka. Haka aka shiga ranar ƙarshe kowacce tana da maki 86, amma City tana gaba da rarar ƙwallaye 8. Abin da take buƙata shi ne kada sakamakonta ya gaza na United, wadda ta je wasa gidan Sunderland a daidai wannan lokaci.

Ita kuwa Queens Park Rangers, ƙungiyar yammacin Landan da aka fi sani da QPR, tana ta 17 a teburi da maki 37, maki biyu kacal a saman Bolton Wanderers. Idan ta sha kashi kuma Bolton ta ci Stoke City, to QPR ce za ta faɗa gasar Championship. Kocinta shi ne Mark Hughes ɗin da City ta sallama. A cikin 'yan wasanta akwai tsofaffin 'yan City uku: Joey Barton, Shaun Wright-Phillips da Nedum Onuoha, haifaffen Warri a Najeriya. Akwai kuma Taye Taiwo, ɗan bayan Super Eagles, wanda ya zo aro daga AC Milan. Galibin masu sharhi sun ba City wasan, domin a wasanni 18 da ta buga a gida a gasar ta ci 17, ta yi canjaras ɗaya.

Zagayen farko

Mike Dean ne ya yi alƙalancin wasan, wanda aka take da ƙarfe 3 na rana agogon Ingila, a gaban 'yan kallo fiye da 47,000. QPR ta tare a bayanta tana tsaron gida, City kuma ta riƙe ƙwallo ba tare da ta sami hanya ba. A minti na 20 labari ya iso cewa Wayne Rooney ya ci wa United a Sunderland, abin da ya ɗora United a saman teburi na ɗan lokaci. A minti na 39 Yaya Toure ya miƙa wa Pablo Zabaleta ƙwallo a cikin da'ira, ya buga, mai tsaron raga Paddy Kenny ya taɓa ta amma ta daki turke ta shiga. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Toure ya fita saboda rauni, Nigel de Jong ya canje shi.

Zagaye na biyu

Minti uku da dawowa, Joleon Lescott ya yi kuskuren mayar da ƙwallo baya da ka, Djibril Cisse ya tsince ta ya farke wa QPR. A minti na 55 aka bai wa kyaftin ɗin QPR, Joey Barton, jan kati saboda ya yi wa Carlos Tevez gula. Kafin ya bar fili ya hauri Aguero ta baya, ya kuma yi yunƙurin yi wa Kompany karo. Duk da cewa sun koma mutum 10, QPR ce ta ƙara ci a minti na 66, lokacin da Armand Traore ya tsere ta gefen hagu ya bugo ƙwallo, Jamie Mackie ya sa mata kai ta wuce Joe Hart.

Mancini ya sako Edin Dzeko a madadin Gareth Barry, sannan Mario Balotelli a madadin Tevez. City ta yi ta kai hari, Kenny yana kaɗewa, har minti 90 ya cika QPR tana gaba da 2–1. Aka ƙara minti 5. A minti na biyu na ƙarin, David Silva ya bugo kwana, Dzeko ya ci da ka, wasa ya koma 2–2. Canjaras ba zai wadatar ba, domin ba da jimawa ba aka tashi a Sunderland United tana da nasarar 1–0. Sai De Jong ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya ya bai wa Aguero, shi kuma ya tura wa Balotelli, wanda ya mayar masa da ita yana cikin faɗuwa. Aguero ya kauce wa Taiwo, ya sheƙa ta ta kusa da turke a minti 93 da daƙiƙa 20. Alƙali ya ba shi katin gargaɗi saboda ya cire rigarsa wajen murna. A ƙididdigar wasan City ta kai hari sau 44, QPR sau 3, kuma City ta buga kwana 19, QPR ba ta buga ko ɗaya ba.

Sakamako

City da United sun kammala da maki 89 kowacce. City ta ci ƙwallaye 93 an zura mata 29, rararta 64 ke nan, United kuma ta ci 89 an zura mata 33, rararta 56. Wasan 6–1 na Old Trafford shi kaɗai ya buɗe tazarar ƙwallaye 10 tsakaninsu, wato fiye da 8 ɗin da suka raba gardama a ƙarshe.

QPR ta tsira duk da rashin nasarar, saboda Bolton ta tashi 2–2 da Stoke, ta faɗi tare da Blackburn Rovers da Wolverhampton Wanderers. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta dakatar da Barton wasanni 12, ta kuma ci shi tarar fam 75,000. QPR ta karɓe masa muƙamin kyaftin, daga baya ta ba da shi aro ga Marseille ta Faransa.

Matsayin wasan a tarihi

Ana yawan kwatanta wasan da na 26 ga Mayu, 1989, inda Arsenal ta ci Liverpool 2–0 a Anfield ta ɗauki kofi da ƙwallon da Michael Thomas ya ci daf da tashi. Ƙwallon ita ce ta 23 da Aguero, ɗan ƙasar Ajantina, ya ci a gasar a kakarsa ta farko bayan zuwansa daga Atletico Madrid. Yadda mai sharhin Sky Sports, Martin Tyler, ya ja sunansa da ihu ya zama abin da ake maimaitawa duk lokacin da aka nuno ƙwallon.

A kakar da ta biyo baya United ta karɓe kofin, QPR ta ƙare a ƙasan teburi ta faɗi, City kuma ta sallami Mancini ranar 13 ga Mayu, 2013, shekara guda cif bayan wasan. Aguero ya bar ƙungiyar a 2021 da ƙwallaye 260, adadi mafi yawa a tarihinta. Ranar 13 ga Mayu, 2022, City ta buɗe mutum-mutuminsa a harabar filin Etihad domin cikar wasan shekara 10.