Karatu Don Me? Tambayar Da Muka Gada Tun Zamanin Turawa

 Yau hirar tamu ta tarihi ce, a kan abin da masana ke kira falsafar ilimi. Kada sunan ya ba ku tsoro. Tambayoyi ne da kowace uwa ta taɓa yi a ranta ranar da ta shirya ɗanta ya nufi makaranta: shin karatun nan don me ake yin sa, su wa ake koya wa, kuma da wane harshe?

Kafin zuwan Turawa muna da tamu amsar. Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jajin nan sukan taho daga ƙauyuka su haddace waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci, sannan su koma su bi gida-gida suna karantar da matan aure irinku da ba sa fita. A wurin Nana Asma'u manufar ilimi ita ce mace ta san addininta, ta gyara halinta, ta iya zama da mutane. Wato ilimi da tarbiyya tafiyarsu ɗaya.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka zo da tasu buƙatar. Su abin da suke nema shi ne malaman ofis, masu rubuta haraji da ma'aikatan En'e. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka fara da malamai da 'ya'yan sarakuna. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. 'Ya'ya mata kuwa ba a waiwaye su ba sai 1930, aka buɗe musu azuzuwa a Kano da Katsina, yawancinsu 'ya'yan gidan sarauta, abin da aka fi koya musu kuma ɗinki ne da tsabta da reno.

To, daga nan ne fa ilimi ya rabu gida biyu. Allo ya riƙe addini da tarbiyya, boko ya zama tsanin hawa aikin albashi. Shi ya sa har yau in yaro ya gama makaranta bai samu aikin gwamnati ba, sai ki ji ana cewa ya yi karatun banza. Wannan tunanin gadon zamanin mulkin mallaka ne.

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashen Afirka suka sake ɗauko tambayar. Shugaban Tanzaniya, Julius Nyerere, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya fito da tsarin ilimi don dogaro da kai a 1967. Kukansa shi ne makarantar Turawa tana tsame yara 'yan kaɗan daga cikin jama'a, ta koya musu raina fartanya da iyayen da ke riƙe da ita. Ya ce kowace makaranta ta yi gonarta, aka kuma mayar da karatun firamare da harshen Suwahili.

A nan Najeriya, an yi babban taro a Legas a 1969 don a sake duba abin da ake koya wa yara. A 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta, ma'ana ilimi haƙƙin kowane yaro ne, ɗan sarki da ɗan talaka, namiji da mace. A 1977 kuma aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce shekarun farko na firamare a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa.

Batun harshen nan, 'yan uwa, shi ya fi shafar mu. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife: aka koya wa wasu yara lissafi da kimiyya da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, amma a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci. Kun ga ke nan har yanzu ba a rufe muhawarar ba.

Amma uwargida ba sai ta jira an gama muhawara ba. In yaronki ya dawo daga makaranta, ko ba ki taɓa shiga aji ba, ki zaunar da shi ki ce ya bayyana miki darasin yau da Hausa. In ya iya, ya fahimta. In ya yi ta kame-kame, to haddar aku kawai ya yi, sai ki sanar da maigida a leƙa wajen malaminsa. Ki kuma yi wa 'yarki wannan tambayar kamar yadda kika yi wa yayanta, don karatun da Nana Asma'u ta aika har cikin gidaje, mata ta aika wa.

Sai wani makon in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.