Inda Muryar Jarumi Take Ɓata

A shekarar 1940, shekarar da aka buɗe gidan rediyon Omdurman, kamfanin Disney na Amurka ya fitar da fim ɗin Fantasia da wata dabara mai sa kiɗa ya riƙa yawo daga wannan kusurwa ta zauren kallo zuwa waccan. Kayan sun yi tsada, dabarar ta kwanta. Sai da talabijin ya fara ƙwace 'yan kallo aka tono ta. A 1953 tsarin CinemaScope ya zo da layin sauti huɗu: uku a bayan allo, ɗaya na kewaye. Masu haɗa sautin fim suna jera su ne yadda lasifikokin suke zaune, hagu, tsakiya, dama, sannan na baya. Na tsakiya shi ke ɗauke da maganar 'yan wasa, kuma har gobe haka ne.

Kamfanin Dolby ya cusa layukan nan huɗu cikin biyu a jikin fim, Star Wars ya yayata tsarin a 1977. A 1992 Batman Returns ya fito da Dolby Digital mai layi shida, shekarar da ta biyo baya kuma Jurassic Park ya fito da kishiyarsa, DTS. Abin da ake kira 5.1 ke nan: lasifika biyar, sai na shida mai ɗauke da rugugi kawai, irin na tsawa da fashewar bam.

Duk wannan ya wuce gidajen sinimar Sudan. Khartoum ta san sinima tun shekarun 1930, yawanci marasa rufi, ana kallo da dare. Bayan juyin mulkin 1989 suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kalli Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, na 2019, ya ga su Ibrahim Shaddad, dattawa huɗu, suna faɗi-tashi don farfaɗo da wata tsohuwar sinima a Omdurman, izini ya gagara. Don haka sauti mai layi shida bai iso unguwa irin Hajj Yusuf, can gabashin Nilu, ta ƙofar sinima ba. A faifan DVD ya zo, daga baya a memori, ya tarar da talabijin mai lasifika biyu da waya mai guda ɗaya. Aikin sauya shi ya faɗa wuyan yaron shagon tura fina-finai, a nan kamar a Kano.

To, ga inda gizo ke saƙa: manyan ba su taɓa yarda da jeri guda ba. 'Yan fim, da Dolby a cikin tsarinsa na AC-3, suna jerawa hagu, tsakiya, dama, bayan hagu, bayan dama, rugugi. Injiniyoyin talabijin kuwa wayoyinsu biyu-biyu suke ɗaukar sauti, sai suka sa hagu da dama a gaba, tsakiya da rugugi su biyo, na baya biyu su rufe. Wannan jerin Microsoft ya bi a fayil ɗin WAV. Tsarin AAC, wanda yake cikin yawancin fayilolin MP4, shi da tsakiya yake farawa. Kowa da hujjarsa, amma a ganina na talabijin ya fi hankali, tunda ko tsohuwar na'ura ta ɗauki biyun farko, hagu da dama za ta samu.

Ɗauki sauti mai jerin 'yan fim, manhaja ta karanta shi a matsayin WAV. Maganar jarumi ta koma lasifikar dama ita kaɗai. Sautin dama ya dawo tsakiya. Na bayan hagu ya faɗa akwatin rugugi, wanda ba ya fitar da siririyar murya, ya ɓace. Rugugin kuma ya afka wa 'yar ƙaramar lasifikar bayan dama, tana ta kakari. Wanda ya fi yawa ma shi ne a yanki layi biyun farko na jerin WAV a zubar da sauran: kiɗa na tashi, mota na ƙara, baki na motsi, magana babu. Mai kallo ya koma shago yana cewa fim ɗin ya lalace.

Maganin ya daɗe a rubuce. Tun 1992 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'ida mai lamba BS.775: in za a mai da shida biyu, a raba na tsakiya ga hagu da dama a kan kashi 70.7 cikin ɗari na ƙarfinsa, na baya kowanne ya bi ɓangarensa a kan wannan ma'auni, rugugi a bar shi. Fayilolin zamani suna ɗauke da alamar da ke faɗin sunan kowane layi, kuma manhaja irin FFmpeg tana bin ta. Matsalar takan taso ne idan alamar ta faɗi a hanya, wajen fayil ɗin da ya bi hannu da yawa, ko aka ɗora masa fassarar Hausa ko Larabci aka sake haɗawa.

A 2012 Dolby ya kawo Atmos da fim ɗin Brave, inda ake bai wa kowace ƙara matsayinta a ɗaki, na'ura ta zaɓa mata lasifika. Sai dai a fayilolin da ake yaɗawa ta intanet, a ƙarƙashinsa akwai tsohon 5.1 saboda tsofaffin na'urori, kuma shi kwamfutar shago take buɗewa ta sauya.