Ƙwallon Sikwash: Yadda Matan Masar Suka Karɓe Kofin Duniya Daga Hannun Turawa, Da Abin Da Kano Za Ta Koya

 Daga nan Badawa cikin birnin Kano nake magana da ku. Yau tarihin wasanni za mu taɓa, amma ba ƙwallon ƙafa ba, don haka 'yan Pillars da 'yan Madrid ku ɗan yi mana haƙuri. Wasan da za mu yi magana a kai sunansa sikwash, kuma gasar da za mu bi diddiginta ita ce ta ƙungiyoyin mata na ƙasashen duniya. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ka dai tsaya ka ji, labarin zai biyo ta ƙofar gidanku.

Bari mu fara da shi kansa wasan, don da yawanmu ba mu taɓa gani ba. A cikin ɗaki ake yinsa, mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4. Mutum biyu ne ke shiga, kowa da raket a hannu, sai wata 'yar ƙwallon roba baƙa wadda ba ta kai girman ƙwan kaza ba. Kai ka maka ta a bangon gaba, abokin karawarka ya mayar kafin ta dira ƙasa sau biyu. Wanda ya riga kai maki 11 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye uku cikin biyar ya ci wasa. Da ji kamar da sauƙi, amma minti goma ya isa ya sa ƙato ya nemi ruwa. Manyanmu za su tuna cewa wannan ne wasan da aka san tsohon shugaban ƙasa Obasanjo da shi.

Asalinsa daga Ingila ne. Ɗaliban wata makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni mai suna Harrow ne suka ƙirƙiro shi a wajajen 1830. Daga nan sojoji da jami'an mulkin mallaka suka ɗauke shi suka bi duniya da shi. Duk inda suka yada zango sai sun gina kulob, su kewaye shi da katanga, su sa filin golf, da na tanis, da ɗakin sikwash. Haka suka yi a Alƙahira, inda kulob ɗin Gezira ya samo asali tun 1882. Haka suka yi a Peshawar da ke Pakistan ta yanzu. Haka kuma suka yi a nan bayan sun ci Kano da yaƙi a 1903, suka ware wa kansu unguwa a wajen ganuwa, ta nan ɓangaren Nassarawa da Bompai. Kano Club da ke kusa da mu, da Ikoyi Club ta Legas, duk gadon wancan zamanin ne. Ɗan ƙasa kan shiga irin waɗannan wurare ne a matsayin mai shara, ko mai kawo shayi, ko yaron tsintar ƙwallo.

To a nan labarin ya fara daɗi. Wani Bamisire ɗan manyan gida, Abdelfattah Amr, wanda aka fi sani da Amr Bey, ya ci babbar gasar British Open sau shida a jere cikin shekarun 1930. Bayansa sai Mahmoud Karim, wanda ya taso yana yaron tsintar ƙwallo a Gezira, ya ci gasar sau huɗu. Wanda ya karɓe ta daga hannunsa a 1951 shi ne Hashim Khan na Peshawar, shi ma yaron tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin hafsoshin Ingila, idan Turawa sun tashi sai ya shiga ɗakin ba takalmi ya yi ta bugawa shi kaɗai. Sau bakwai ya ɗauki kofin. Ka ga kenan yaran gida sun koyi wasan masu gida har sun fi su.

Duk wannan fa maza ne. A ɓangaren mata, Turawa sun daɗe suna cin karensu babu babbaka. Akwai wata 'yar Ostireliya, Heather McKay, wadda ta ci British Open sau 16 a jere, daga 1962 zuwa 1977. Shekara goma sha shida, jama'a, babu wadda ta iya ture ta.

A 1979 ne aka fara gasar ƙungiyoyin mata ta duniya, a birnin Birmingham, kuma Birtaniya mai masaukin baƙi ce ta ɗauki kofin. Ku lura da tsarin gasar, domin a nan darasin yake. Kowace ƙasa tana fito da 'yan wasa uku a kowace karawa. Ta ɗaya ta kara da ta ɗayan abokan hamayya, ta biyu da ta biyu, ta uku da ta uku. Ƙasar da ta ci biyu cikin uku ita ke wucewa. Ma'ana, ko da kina da gwanar da ta fi kowa a duniya, maki ɗaya tak za ta kawo miki. Sauran biyun fa, wa zai kawo?

Daga 1979 har zuwa 2006, kofin nan bai taɓa fita daga hannun gida biyu ba. Ostireliya ta ɗauka a 1981 da 1983. Ingila ta karɓa a 1985, ta riƙe har 1990. Ostireliya ta dawo ta ci sau huɗu a jere, 1992, 1994, 1996 da 1998. Ingila a 2000, Ostireliya a 2002 da 2004, Ingila kuma a 2006. Kamar dai kishiyoyi biyu suna karɓar girki.

Kuma ba wai sauran ƙasashe ba su da gwanaye ba ne. New Zealand ta yi Susan Devoy, wadda ta zama zakarar duniya sau huɗu, amma ƙasarta ba ta taɓa cin kofin ƙungiya ba. Malesiya ta yi Nicol David, wadda ta ci kambun duniya sau takwas, ta kuma zauna a matsayi na ɗaya wata 108 a jere, shekara tara cur. Duk da haka iyakacin Malesiya wasan ƙarshe, a 2014, inda Ingila ta doke ta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to wannan gasar kamar don karin maganar aka tsara ta.

Sai 2008. Aka kai gasar Alƙahira. Masar ta fito da Omneya Abdel Kawy, da Engy Kheirallah, da wata budurwa 'yar shekara 19 daga Iskandariya mai suna Raneem El Welily. Suka kai wasan ƙarshe, suka haɗu da Ingila mai riƙe da kofi, suka doke ta da ci biyu da ɗaya. Karo na farko kenan da wata ƙasar Afirka, ƙasar Larabawa, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta ɗaga wannan kofi.

Wanda bai san tarihi ba zai ce sa'a ce, ko kuma albarkar gida. To ga abin da ya biyo baya. Masar ta sake ci a 2012 a Faransa. Ta ci a 2016, nan ma a Faransa. Ta ci a 2018 a birnin Dalian na ƙasar Sin. Gasar 2020 korona ta hana. Da aka dawo a 2022 a Alƙahira, Masar ta doke Amurka a wasan ƙarshe, ta kuma sake doke ta a Hong Kong a Disambar 2024. Sau shida kenan, huɗu na ƙarshe a jere. Ostireliya mai kofi tara, rabonta da shi tun 2010. Ingila kuwa tun 2014.

Tambayar ita ce, me Masar ta yi?

Na farko, ta fito da wasan daga bayan katanga ta nuna wa jama'a. A 1996 aka kafa ɗakin gilashi a gaban dalar Giza, aka yi babbar gasa ana haskawa a talabijin. Wani matashi ɗan gida, Ahmed Barada, ya kai wasan ƙarshe. Yara suka gani, iyaye suka gani. Shugaban ƙasar na lokacin, Hosni Mubarak, shi ma yana buga wasan, wannan ya ƙara masa martaba. A 2003 Amr Shabana ya zama Bamisire na farko da ya ci kambun duniya na maza.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, sun fara da yara, kuma ba su ware mata ba. A kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariya, irin su Heliopolis da Wadi Degla da Smouha, yarinya 'yar firamare tana shiga ɗaki da mai horarwa, tana kuma samun gasar sa'o'inta a kai a kai. Tun a 1999 'yan matan Masar suka ci kofin duniya na ƙungiyoyin matasa. Omneya ta ci kambun matasa na duniya a 2003, Raneem ta ci a 2005 da 2007. Wato waɗanda suka ɗaga babban kofi a 2008 ba daga sama suka faɗo ba, shuka ce ta shekara goma aka girba. A 2009 kuma wata yarinya 'yar shekara 13, Nour El Sherbini, ta ci kambun matasa na duniya. A watan Satumbar 2015 Raneem ta sauke Nicol David daga matsayi na ɗaya. A 2016 Nour ta zama zakarar duniya tana da shekara 20, a 2025 kuma ta ci na takwas, ta kamo Nicol David. A bayansu ga Nouran Gohar, ga Hania El Hammamy. Ta uku a ƙungiyar Masar, da a wata ƙasar take, ita ce ta ɗaya.

Gaskiya dai a faɗe ta, kulob-kulob ɗin nan na Masar ba na talaka tilis ba ne, akasari iyalai masu ɗan hali ne ke iya biya. Amma sun faɗaɗa ƙofar daga 'yan tsiraru zuwa dubban iyalai, kuma sun sa 'ya'ya mata a layi ɗaya da maza.

Yanzu mu dawo gida. Najeriya tana da hukumar sikwash ta ƙasa. Muna da 'yan wasa mata, irin su Yemisi Olatunji da ta daɗe tana jan ragama. Lokacin da Abuja ta karɓi wasannin Afirka a 2003, sikwash na cikin wasannin da aka yi. Amma yawancin gasannin da ake ji, a Legas ake yinsu. Kuma kada wani ya ce matan Najeriya ba su iya wasan ƙungiya ba. D'Tigress sun ci kofin ƙwallon kwando na Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025. Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka karo na goma a Maroko a 2025. To a duk waɗannan nasarori, ka zauna ka karanta jerin sunayen, ka ƙirga 'yan Kano, ka ƙirga 'yan Katsina, ka ƙirga 'yan Sakkwato. Amsar da ka samu, ka riƙe ta a zuciyarka.

Na san abin da iyayenmu ke gudu, kuma ba zan raina shi ba. Uba ba ya son 'yarsa tana guje-guje a fili, maza sun yi dafifi suna kallo. To ku dubi sikwash da kyau. A ɗaki ake yi, a rufe. Ba ya buƙatar mutum 22, biyu sun isa. Ana iya ware wa mata lokacinsu, mace ta horar da su, yarinya ta sa dogon wando da riga mai hannu, ta rufe kanta, ta yi wasanta ta koma gida. Filin da ake buƙata ba shi da yawa. Idan akwai wasan da ya dace da tarbiyyar Kano, wallahi wannan na sahun gaba. Ga kuma maganar lafiya, hawan jini da ciwon suga suna cin iyayenmu mata, wani ɓangare saboda tun suna ƙanana ba a ba su wurin motsa jiki ba.

Mu da Masar hannu ɗaya ne ya gina mana ɗakunan nan, a bayan katanga iri ɗaya. Su sun buɗe ƙofa, mu mun canza mai gadi kawai. Bature ya tafi tun 1960, amma yarinyar Badawa ko Giginyu ko Kawaji da ke wucewa ta titunan GRA kullum za ta makaranta, ba ta ma san akwai irin wannan wasa ba.

Abin yi ba gagarumi ba ne. Kulob-kulob masu ɗakin wasan su ware wa ɗalibai mata rana ɗaya a mako. Gwamnatin jiha, idan za ta gyara makarantun mata irin su Dala da Shekara, ta sa ɗaki ɗaya-ɗaya a lissafi. Jami'o'inmu su ɗauki nauyin horar da mata masu koyarwa. Attajiranmu da ke kashe kuɗi a kan folo su waiwayo nan. Mu matasa kuma mu riƙa yi wa 'yan siyasa wannan tambayar idan sun zo neman ƙuri'a, ba rigar ƙwallo da kofin unguwa kaɗai ba.

A watan Oktobar 2023 kwamitin Olamfik ya amince a sa sikwash a wasannin Los Angeles na 2028, karo na farko a tarihi. Wannan kam ya wuce mu, kada mu yaudari kanmu. Amma lissafin Masar a fili yake, shekara tara tsakanin kofin yara da kofin manya. Yarinyar da ke aji uku a firamare yau, idan aka miƙa mata raket a bana, kafin ta kai shekara ashirin za a iya jin sunanta. Kuma ku tuna, ba ɗaya ake nema ba, uku ake nema.

A nan za mu dakata. Wanda ya san wani ɗakin sikwash a Kano, ko Zariya, ko Katsina da aka kulle ana ajiye tarkace a ciki, ya sanar da mu unguwar, mu fara da ƙirga abin da muke da shi. Iyaye mata da ke sauraro, ku faɗa mana sharaɗin da za a cika muku kafin ku bar 'ya'yanku su shiga. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya bar mu tare. Wassalamu alaikum.