Dillalan gidaje a Darrasa: daga zamanin muhtasibi zuwa rajistar gwamnati

Duk Bahaushen da ya yi karatu a Azhar ya san Darrasa. Unguwa ce a gabashin tsohon birnin Alƙahira, tsakanin masallacin Azhar da titin Salah Salim, inda ofishin Shehun Azhar da Darul Ifta da asibitin Husaini suke. A can ma, kamar a Fagge ko Tudun Wada, idan gida ya yi kwantai, dillali ake fara ɗora wa laifi, a karɓe makulli a miƙa wa wani. Sai dai tarihin unguwar ya nuna abin da ke hana gida sayuwa ya girmi dillalin da ɗaruruwan shekaru.

Da farko ma babu abin sayarwa a mafi yawan Darrasa. A 1176 Salahuddin Ayyubi ya fara gina wa Alƙahira ganuwa, sai bayanta ya zama jujin birni. Fiye da shekara 500 ana zuba shara da ɓaraguzan gini har suka zama tuddai, suka binne ganuwar kanta. Cinikin gidaje yana cikin ganuwa, a lungunan Jamaliyya da Darbul Ahmar.

Dillalan waɗannan lunguna ba sakaka suke ba. Ibnul Ukhuwwa, malamin Masar da ya rasu a 1329, shekara biyar bayan Mansa Musa ya ratsa Alƙahira zuwa aikin Hajji, ya rubuta littafin hisba mai suna Ma'alimul Ƙurba, ya kuma sa dillalan gidaje cikin waɗanda muhtasibi ke sa wa ido. Abin da ake nema a wurin dillali a lokacin shi ne dai na yau: ya zama mai amana, kada ya ɓoye aibi, kada ya haɗa baki da mai saye a karya wa mai kaya farashi.

Amma gwanintar dillalin Alƙahira ta gaske ita ce sanin masu gida. Bisa al'adar Masar ana kasa gida kashi 24, kowane kashi ana ce masa ƙirati. Takardun Geniza, waɗanda aka samu a wani wurin ibadar Yahudawa a Fusɗaɗ, cike suke da cinikin ƙirati biyu ko shida na gida ɗaya. Bazawara na da uku, ɗan'uwan mijinta na da tara, wani magajin ya yi tafiya ba a san ranar dawowarsa ba. Mai saye ya taya, dillali ya yi ta zarya, mutum ɗaya ya ce albarka, ciniki ya watse. Ga kuma wakafi. Sarakunan Mamluk da attajirai sun mayar da gidaje da shaguna masu yawa wakafi don ciyar da masallatai da makarantu da zuriyarsu, kuma gidan wakafi ba ya sayuwa sai alƙali ya yarda a musanya shi da wani. Da gwamnatin sojoji ta soke wakafin iyali a 1952, sai dukiyar ta faɗo hannun jikoki da tattaɓa-kunne, magada suka ƙara yawa.

Wannan gwamnati ce kuma ta ƙara ɗaure ƙullin da ya fi kowane wuyar kwancewa. An rage kuɗin haya da doka a 1952 da 1958 da 1961, sannan dokokin 1977 da 1981 suka daskarar da shi, ɗan haya ya samu damar zama har mutuwa, iyalinsa su gaje shi. Dokar ta rufa wa talakawa asiri, wannan ba abin musu ba ne. Amma mai gidan da ke karɓar 'yan fam kaɗan a wata ba zai iya gyaran rufi ba, kuma girgizar ƙasar 12 ga Oktoba 1992 ta tona yadda tsofaffin gine-ginen suka lalace. Wa zai sayi bene mai ɗan hayan da ba ya tashi? Sai aikin dillali ya koma sasanta kuɗin da za a ba ɗan haya ya kwashe kayansa. Dokar 1996 ta saki sababbin yarjejeniyoyi kawai, tsofaffin suka ci gaba yadda suke.

A duk tsawon wannan lokaci ofishin dillali kujera ce a gidan gahawa, kuma babban mai ba shi labari shi ne mai gadin bene, wanda ya san ɗakin da ya zama kango da magadan da ba sa ga maciji. Ɗalibanmu da ba su samu wuri a masaukin baƙin ɗalibai na Abbasiyya ba ta hannun waɗannan mutane suke samun ɗaki, su biya la'ada.

Jujin nan kuwa ya tashi. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe sharar, ta tono ganuwar Salahuddin, aka buɗe lambun shaƙatawa na Azhar mai faɗin hekta 30 a 2005. Gidan da tagarsa ke kallon bola ya wayi gari yana kallon korayen itatuwa, amma wannan bai ƙara masa takarda ko ɗaya ba. Mafi yawan gidajen Masar ba su da rajista a ofishin rajistar kadarori da dokar 1946 ta tsara, yarjejeniyar hannu kawai ake riƙe da ita.

Shi ya sa mai gidan da zai sake dillali a Darrasa bai kamata ya bi wanda ya fi yanka masa farashi mai tsoka ba. Wanda ya cancanci makullin shi ne wanda tun zaman farko zai tambayi takardar gado, da yawan magada, da irin hayar da ke kan ginin, ko da tambayar ta yi ɗaci. Shi ma mai gida yanzu yana da abin tambaya, domin a 2022 an gyara dokar 1982 ta wakilcin kasuwanci, aka wajabta wa dillalan kadarori yin rajista. A Agustan 2025 kuma shugaba Sisi ya sa hannu a dokar da za ta kawo ƙarshen tsohuwar haya: shaguna da ofisoshi bayan shekara biyar, gidajen zama bayan shekara bakwai, wato a 2032.