Tsofaffin Kalmomin Kimiyya da Fasaha na Ingilishi a Hausar Ƙasar Yawuri: Asalinsu da Ma'anoninsu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun waɗansu kalmomin kimiyya da fasaha waɗanda Hausa ta aro daga Ingilishi, waɗanda kuma masu harshen da kansu suka daina amfani da su, ko suka mai da su maganar tsofaffi, amma har yanzu ana jin su a bakin mutanenmu. Na zaɓi ƙasar Yawuri, watau Yalwa da Ngaski da Shanga da Warra da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, domin a nan Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa masunta, kuma a kusa da nan ne aka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan injiniya na Nijeriya. Abin da nake son nunawa shi ne, kowace irin wannan kalma tana ɗauke da shaidar lokacin da ta shigo da hanyar da ta biyo, don haka mai nazarin tarihi yana iya dogara da ita kamar yadda yake dogara da tsohuwar takarda.

2.0 Kalmomin Zamanin Zuwan Turawa

Turawan farko da suka ratsa wannan yanki, irin su Mungo Park wanda ya halaka a Busa, da Richard da John Lander waɗanda suka sauka Yawuri a 1830, baƙi ne masu wucewa. Aro na sosai ya fara ne bayan da aka kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, lokacin da gwamnatin Lugga ta shiga jan waya tsakanin barikokinta.

Daga nan muka sami kalmar tangaraho. Asalinta kalmomi biyu ne na Girkanci, ɗaya tana nufin nesa, ɗaya kuwa rubutu. A Faransa aka ƙirƙire ta cikin shekarun 1790, domin na'urar Claude Chappe mai aika saƙo da alamun sanduna daga hasumiya zuwa hasumiya, tun kafin Samuel Morse ya aika saƙonsa ta waya daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Yau tangaraho ya mutu a ƙasar da ta kawo mana shi, amma ya bar mana gado biyu. Na farko shi ne gidan waya, sunan da muke kiran ofishin wasiƙu da shi saboda a can na'urar take. Na biyu shi ne buga waya. A ganina wannan bugu ya samo asali ne daga ƙwanƙwasa maɓallin tangaraho da ma'aikaci yake yi, ga shi kuwa mai kifi a kasuwar Warra yana cewa zai buga waya Yalwa alhali kuwa babu bugu, babu waya a cikin abin da ke hannunsa.

Kalmar fanka ma ta wannan zamani ce, kuma tafiyarta ta fi ta tangaraho nisa. Asalinta Indiyanci ne, daga wata tsohuwar kalma mai ma'anar fiffike. Turawan mulki a Indiya sun ari sunan domin wani babban mafici da ake ratayewa a rufin ɗaki, yaro yana jan sa da igiya. Da yawa daga cikin hafsoshin da suka zo Arewa sun yi aiki a Indiya, shi kansa Lugga a Madras aka haife shi a 1858. Da mulkinsu ya ƙare a can, kalmar ta koma cikin littattafan tarihi a Ingila. Mu kuwa muka ɗora ta a kan na'urar lantarki, har da ta cikin injin mota.

Haka kuma kananzir. Wani masanin duwatsu ɗan Kanada, Abraham Gesner, shi ya raɗa sunan daga kalmar Girkanci mai nufin kakin zuma, aka yi masa rajista a 1854. Garmaho kuwa sunan da Emile Berliner ya ba na'urarsa ne a 1887. A nan Hausa ta nuna gwaninta, domin da ta ari sunan na'urar, sai ta dubi abin da ake ɗorawa a kai, ta ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, ta kira shi faifai. Garmaho ya tafi, wayalis ta ba rediyo wuri, amma faifai yana nan, har ana cewa faifan bidiyo.

3.0 Kalmomin Awo

Rukuni na biyu shi ne na ma'aunai. Inci daga Latin yake, ma'anarsa kashi ɗaya cikin goma sha biyu. Mil shi ma daga Latin ne, watau taku dubu na sojan Rum, kowane taku kuwa ɗaga ƙafa biyu ne. Yadi a tsohon Ingilishi sanda ce kawai. Galan kuwa dokar Ingila ta 1824 ce ta tsai da shi a kan abin da ya kai kimanin lita 4.5.

Nijeriya ta koma awon mita da lita cikin shekarun 1970, Ingila ma da lita take sayar da mai yanzu. Duk da haka masunci yana faɗin girman idon taru da inci, mai sayen yadi bai san wani suna ba sai yadi, har ma sunan awon ya zama sunan tufafin kansa. Galan kuwa ya sauya ma'ana ɗungum: yau shi ne jarkar robar da ake zuba mai a ciki, ko ta ci lita huɗu ko ta ci biyar. Kwabo ma yana cikin wannan sahu, domin sunan jan ƙarfe ne a Ingilishi, wanda shi kuma ya samo shi daga sunan tsibirin Kubrus inda Rumawa ke haƙo shi. Wannan kalma ta shiga sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ta kuma zama sunan ƙaramin kuɗin Nijeriya a 1973.

4.0 Kalmomin Zamanin Madatsar Kainji

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, amma layin dogo bai taɓa zuwa Yawuri ba. Saboda haka babban ambaliyar kalmomin injina a wannan yanki ta zo ne tare da aikin madatsar ruwa, wanda aka fara a 1964 aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi ginin. Tafkin da ya taru ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu masu yawa, aka ta da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai.

A wannan lokaci ne kalmomi irin su safiyo da kankare da katafila suka zama na yau da kullum a ƙauyukan bakin Kwara. Katafila a asali sunan tsutsar nan ce mai zama malam-buɗe-littafi, aka ba motar sunan saboda yadda take jan ciki a kan sarƙa, kamfanin da ke ɗauke da sunan kuma aka kafa shi a Amurka a 1925. Lantarki kuwa ya samo asali daga littafin William Gilbert na 1600, inda ya ɗauko sunan Girkanci na wani daskararren ƙaro wanda idan an goga shi yake jan ƙananan abubuwa. Shi kuma inji daga kalmar Latin yake mai nufin hazaƙa. Injin da ake ɗaura wa jirgin ruwa har yanzu da ƙarfin doki ake auna shi, awon da James Watt ya tsara a ƙarni na 18 domin ya nuna wa masu ma'adinai dawaki nawa injinsa zai maye.

A nan akwai abin lura. Mutanen da suka ba da gonakinsu domin a sami lantarki, da yawansu sun daɗe suna kunna fitilar kananzir bayan wutar Kainji ta haska manyan birane, watau kalmar ta riga abin isowa. Haka nan hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, an sauya ta tun 2005, amma Nepa tana nan a bakin jama'a da ma'anar wutar kanta.

5.0 Yadda Hausa Ta Sarrafa Su

Duk waɗannan kalmomi sun bi ƙa'idar furucin Hausa. Inda baƙaƙe suka cunkushe, an raba su da wasali, kamar a tangaraho. Sautin da Hausa ba ta da shi an maye shi da mafi kusa, shi ya sa muke da fanka da famfo, a Hausar yamma ma akan ji hwanka. Sautin fa kuwa yakan koma ha a gaban wasalin o, kamar a garmaho da tarho. Wannan yana nuna cewa da kunne aka are su, a bariki da kasuwa da wurin aiki, kafin su shiga ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 ko rubuce-rubucen da suka biyo baya.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ina ba da shawara biyu. Ta farko, masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya domin makarantu su fara duba abin da ke bakin bakanike da masunci da matuƙin jirgi kafin su ƙago sabo, domin kalmar da ta shekara ɗari a cikin harshe ta zama 'yar gida, kuma ɗalibi ya fi saurin fahimtar darasi da ita. Ta biyu, dattawan da suka yi aikin lebura a Kainji, da waɗanda aka tasa daga tsibirai, yanzu sun haura shekara saba'in, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata sassan Hausa na kwalejojinmu su tura ɗalibai Warra da Yalwa da Shanga su ɗauki maganarsu, su rubuta kalmomin tare da yadda ake furta su da labarin inda aka fara jin su, tun ana iya samun mai ba da amsa.